Na-Tudu da Jirginsa na Roba

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a titin da ke gangarawa bakin kogi ya san Na-Tudu. In bai san fuskar ba ya san ƙeyar, don kullum a sunkuye ake samunsa. Ɗan kawuna ne, ubansa ƙanen mahaifiyata ne ciki ɗaya. Ya girme ni da shekara huɗu, kuma yana yi mini gori da su kamar shi ya ƙera su da hannunsa. Rumfarsa ta faci tana jingine da shagona na aski, langa-langa ɗaya ya raba mu, shi ya sa in ya yi atishawa ni sai na goge madubi. Shi yana ce mini Rediyo, wai ba a kashe ni sai an ɗauke wuta.

Shekara ashirin da biyu yana faci. Dukiyarsa ita ce injin iska mai tari irin na tsofaffi, da liba biyu na ɓamɓare taya, da guduma, da wani baho na ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tif a ciki yana neman kumfa. Ruwan bahon nan, na rantse, ya girmi ɗiyarsa ta fari. Yana da geji na auna iska, amma a ƙusa yake rataye, gizo-gizo ya yi gida uku a kansa. Shi da kunne yake aunawa. Zai buga taya da liba, in ta ce tim, sai ya girgiza kai ya ce da saura. Sai ta ce ƙau, kamar an bugi ƙarfen makaranta, sannan zai miƙe ya ce wa mai mota ya tafi lafiya. A wurin Na-Tudu, duk abin da ake hura wa iska kuma ya yi laushi, to ba shi da lafiya.

Sunan nan kuwa ruwa ne ya jawo masa shi. Kawu fito ya yi shekara arba'in, yana ƙetare da mutane da buhuna da awaki a kwalekwalensa na katako. Ranar da ya fara saka ɗansa a ciki, yana ɗan shekara shida, ko igiya ba a kwance ba yaro ya ƙanƙame ƙafar wata mata yana ihu har kifaye suka yi ƙaura. Aka sake gwadawa sau biyu, aka haƙura. Har ya yi furfura a gemu, ko wanka zai yi sai ya leƙa bokiti ya tabbatar yana ganin gindinsa. Kawu bai taɓa yi masa faɗa a kan haka ba. Sai dai in ana hira aka ce wa zai gaji filafilin, sai ya tashi ya ce zai duba akuya. Da aka gina gada can sama da mu, nesa, fito ya mutu. Kawu ya ja kwalekwalensa tudu ya kife, ya ruɓe a nan, kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashi.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikin Kawu na hagu ya shanye. Hannun dama ya tsira, kan ma garau yake, amma magana ta koma kalma ɗaya ko biyu, su ma sai ya yi kokawa da su. Ita kuma Inna, mahaifiyata, tana can ƙetare, a ƙauyen da muke hango farin tankin ruwansa in gari ya waye tas. Ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu, kunne kuma ya yi nauyi. Zagayen gada awa shida ne a mota, ramuka zalla, irin hanyar da lafiyayye ma yake sauka da ciwon baya. Likita ya hana Kawu, ya hana Inna. Masu kamun kifi kuwa kwalekwalensu siriri ne kamar kwasfar gyaɗa, babu wanda ya yarda ya ɗauki mutumin da ba ya iya zama sai an tokare shi. In muka haɗa su a waya, Inna ta yi ta ihu tana tambaya ko yana ji, Kawu yana gurnani yana gyaɗa kai, ita ba ta jin gurnanin, ba ta ganin kan. Shekara biyar ke nan ba su sa juna a ido ba, ga shi kuma kogi ɗaya ne tsakaninsu.

Wani zuwa da na yi duba ta, ma'aikaciyar asibiti ta ja ni gefe ta ce duk wanda yake son ganinta ya zo yanzu, kada a bari sai an ce gobe. Na dawo na faɗa wa Na-Tudu a tsakar gidansu, a hankali nake magana a ganina. Ashe muryata ko raɗa nake yi tana kai wa layi uku. Kawu ya ji. Daga ranar ya daina cin abincin kirki. A fito da shi ƙofar gida, sai ya yi ta nuni da hannu har a juya kujerar ta fuskanci kogi, ya zauna yana cewa, "Yaya. Yaya." Ga damina saura bai fi sati biyar ba, kuma in ruwa ya kawo, kogin nan ba ya sauraron kowa.

Ran nan da safe na ga rumfar faci a rufe, abin da bai taɓa faruwa ba ko ranar aurensa. Da la'asar sai ga shi a bayan motar ɗaukar kaya, babu babur ɗinsa, yana rungume da wani inji mai doguwar ƙafa da farfela a ƙarshenta. Kusa da shi ga wani ƙullin roba ruwan toka, kamar an feɗe dorina an naɗe fatar.

"Na-Tudu, ina babur?"

"Na yi musanya."

"Da gawar me?"

"Jirgi ne, jahili. Hura shi ake yi. Cikinsa shimfiɗe yake, katifa za ta shiga."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai kalmar katifa ta tuna mini da Kawu. Na dube shi, ya kau da kai yana kwance igiya.

"To wa zai tuƙa?"

"Kama mini nan, ka cika surutu."

Wanda ya ba shi jirgin wani tsoho ne da ya yi aikin auna zurfin kogi da wani kamfani. Da kamfanin ya tattara ya tafi, sai aka bar masa jirgin da injin, suka shekara takwas a ɗakin ajiyarsa. Muna ce masa Baba Mai Awo. Washegari ya zo da sandarsa ya zauna a bencina ya yi wa Na-Tudu karatun jirgi. Fetur ba a zuba shi tsura, sai an gauraya da baƙin mai. Ba a tayar da injin a tudu, don da ruwan kogi yake shan iska. In yana aiki a duba bayansa, dole a ga yana fitsari siriri, in ya daina a kashe. Ga wata jar igiya mai ɗan maƙali a baki, a ɗaura ta a wuyan hannu, in mutum ya faɗa ruwa za ta fizge maƙalin inji ya mutu. Na-Tudu yana ta gyaɗa kai, fuskarsa ta yi fari da jin faɗawa ruwa.

"Sai iska," in ji tsoho. "Ga famfon ƙafa nan. Da shi za ka hura. In ka danna da babban yatsa ya ɗan shiga, ka tsaya."

Nan fa jini ya dawo fuskar mutumina. Ya yi wani murmushi irin na malamin da ɗalibi ya zo koya masa baƙi.

"Baba, maganar inji na ji, na gode. Amma iska ai gida ka zo."

"Yaro, wannan ba taya ba ce."

"Roba ce dai, Baba."

Tsoho ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da sanyin safiya Na-Tudu ya shimfiɗa jirgi a kan simintin gaban rumfa. Ya ɗauki famfon ƙafa ya juya shi, ya ce wannan na hura ƙwallon yara ne, ya ajiye. Ya naɗa tsumma a bakin tiyon injin iskarsa ya cusa a bawul, bakin da ake hura jirgin ta nan. Kafin ka ƙifta ido dorina ta tashi. Ya danna da yatsa, ya shiga. Ya ƙara. Ya buga da tafin hannu, ta ce tim. Ya ƙara. Sai da jirgin nan ya yi ƙyalli, ya miƙe har hancinsa ya ɗaga sama, ya buga ya ji ƙau, sannan ya kashe inji ya tsaya yana riƙe da ƙugu. Gaskiya ya yi kyau. Mutane suka taru, masu babur suna tsayawa suna ɗaukar hoto, wani direba ya tambaya ko na sayarwa ne. Aka bar shi a nan, a rana, don duniya ta gani.

Wajen ƙarfe ɗaya ina tsakiyar yi wa wani mai shagon magani aski, na gama ɓari ɗaya ke nan. Sai muka ji wata ƙara da har yau in na tuna sai haƙorina ya yi tsami. Langa-langa ya girgiza, madubina ya karkace, tantabarun unguwa suka tashi ba su dawo ba sai bayan kwana uku. Mai shagon magani ya fita da gudu da mayafina a wuya da rabin kai, sai a bakin masallaci aka tare shi. Da ƙura ta lafa, ga jirgi nan kwance ɓari ɗaya, ɗinkin gefen dama ya buɗe tsawon kamu ɗaya. Rana ta dafa iskar da ke ciki, ita kuma ba ta da wurin zuwa.

Da a nan ya tsaya da da sauƙi. Amma mai faci in ya ga ɓula hannunsa ba ya shawara da kansa. Ya yanko tsohon tif, ya kankare, ya shafa sholisho, gam ɗinsa na facin tif, ya manna. Ya ɓare kamar ganye. Sai ya ce ai wannan facin wuta yake so. Ya jawo matsewarsa, ya ɗora tsohon fistin a kai, ya zuba kananzir a ciki ya ƙyasta ashana, yadda yake yi wa tif ɗin manyan motoci. Ba a yi minti biyu ba wani wari ya tashi, robar jirgin ta narke ta zubo kamar kitse a kasko. Ɓular da take kamu ɗaya ta koma faɗin faranti.

Ni kam na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce a kawo masa jirgin sama ma ya gwada. Ina cikin share hawaye na lura bai rama ba, shi da ba ya barin bashin baƙar magana ya kwana. Yana tsugune, yana shafa bakin ɓular da yatsa.

"Rediyo," ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "in Gwaggo ta tafi ban kai shi ba, da wane ido zan riƙa ba shi abinci?"

Na tashi na kakkaɓe wandona. Na rufe shago, muka naɗe jirgi muka ɗora a baro, muka tura har gidan Baba Mai Awo.

Tsoho bai ce na faɗa maka ba. Ya dai leƙa ta cikin ɓular ya kalle mu ta ɗaya gefen, ya daɗe yana kallo, wanda ya fi zagi ciwo. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani yanki na irin robar jirgin da sunan kantin da za mu sayo gam, mai gwangwani biyu da ake haɗawa. Ya sa Na-Tudu ya yanke ƙonannen wurin, ya goge, ya sa faci ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Gam kaɗan-kaɗan, a jira ya sha iska, a sake shafawa, a manna, a murje da bayan cokali tun daga tsakiya har baki. A nan na ga hannun gwani. Tsoho da kansa ya ce bai taɓa ganin wanda ya murje faci babu ko ƙwayar kumfa ɗaya haka ba.

"Yanzu kwana biyu cur," in ji shi. "Ba hurawa, ba taɓawa, ba leƙawa."

Mutumin da ya saba faci minti biyar mai mota na tsaye yana huci, aka ce ya jira kwana biyu. Da yamma matarsa ta kama shi yana ɗaga bakin facin da farce wai yana gaishe shi. Ita tela ce, ba ta son wasa da aiki. Ta sa muka shigar da jirgin ɗakin ajiya, ta danna kwaɗo, ta jefa makullin a aljihun kekenta na ɗinki ta zauna a kai. Kwana biyun nan Na-Tudu ya yi wa ƙofar ɗakin sintiri har ya yi hanya a ƙasa.

Faci ya kama. Saura matuƙi.

Sati guda kullum da la'asar muna gangarawa wani ɗan lungu a bakin kogi inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Na-Tudu ya sa rigar nan mai hana nutsewa, ya ɗaure ta har yana numfashi da ƙyar, sannan ya ɗaure jirgin da doguwar igiya a jikin bishiya. Haka zai tayar da inji ya yi ta zagaye kamar akuyar da aka turke, yana leƙen bayan inji yana ihu, "Yana fitsari! Rediyo, yana yi!" Masu wanki suka daina wanki suka mai da mu sinima. Ranar farko ya murɗa totur da ƙarfin da yake murɗa na babur, jirgi ya zabura, igiya ta ƙare, ya kifa da ƙafafu a sama. Ranar huɗu ya kwance igiya da kansa. Baba Mai Awo ya raka shi sau biyu suka bi gaɓa suka dawo. Tsakiyar kogi dai bai taɓa zuwa ba, ya ce ba ya son ya gan ta sau biyu.

Muka sa ranar Talata, don hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. Na aika wa ƙanwata da ke jinyar Inna cewa muna tafe. Wajen ƙarfe goma muka shimfiɗa jirgi a kan yashi, yashin har ya fara zafi. Na-Tudu ya hura da famfon ƙafa, amma tun fashewar nan tsoron iska ya shige shi, yana taka famfo kamar mai taka ƙwai. Ya danna yatsa ya shiga, ya ce ya isa. Muka sa katifa da matasai uku. Matarsa ta yi wa Kawu wanka ta sa masa rigarsa mai kyau, muka ɗora rigar ruwa a kai, muka kwantar da shi a jingine, kansa wajen hancin jirgi, ƙafafunsa wajen ɗansa. Ni aka ba ni laima in riƙe masa. Na-Tudu ya ɗaura jar igiya a hannu, ya yi addu'o'in da ya sani har da na shiga kasuwa, ya ja inji.

Minti goma na farko lafiya lau. Ruwa ya tashi daga ja-ja ya koma kore, daga kore ya koma wani baƙi-baƙi mai sanyi da kake ji a fuska. Kawu ya buɗe hanci yana shaƙa. Na-Tudu ya ƙura wa tankin ƙauye ido, ko ƙasa ba ya kallo, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Ni na fara ji. Gefen da nake zaune a kai ya fara karɓar mazaunaina kamar kujerar mai kuɗi. Na gyara zama. Can sai tsakiyar jirgin ya fara lanƙwasa, in muka hau ɗan tudun ruwa sai ya yi kamar zai naɗe. Na-Tudu ya kai yatsa ya danna. Yatsa ya nutse har gaɓa.

"Ya sace," ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Facin ya saki. Rediyo, na kashe Baba."

"Ba ka kashe kowa ba tukuna. Tuƙa!"

"Komawa za mu yi."

Ya fara karkata inji. Na waiga, inda muka fito ya yi nisa, inda za mu ma haka. Kawu ya gane abin da ake ciki. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bugi katifa, ya sake bugu, yana wani sauti a maƙogwaro, idonsa a kan tankin nan. Na san in muka juya yau, Na-Tudu ba zai sake shiga ruwa ba har abada, ruwa kuma zai kawo.

"Kai ba mai faci ba ne?" na ce. "Mota ta zo maka da taya, sai ka ce ta sace ba ka duba ba? Duba mana!"

Facin yana gefen waje, dab da ruwa. Wanda zai gan shi sai ya kwanta a kan gefen jirgi ya zura kai ƙasa. Na-Tudu ya kalli wurin, ya kalli ubansa. Ya ce in riƙe masa bel, in kuma na sake shi Allah ya isa har jikokina. Na ajiye laima na kama bel da hannu biyu. Ya kwanta, ya miƙa jiki, inji ya mutu, shiru ya sauko mana sai ƙarar ruwa a jikin roba. Ga ɗan kawuna, wanda ke leƙen gindin bokiti, rataye da kai a tsakiyar kogi, hancinsa na taɓa ruwa. Ya ɗebo ruwa ya shafa a bakin facin yana kallo. Ya bi shi da yatsa kewaye. Ya tofa yawu ya shafa, ya jira. Sannan ya manna kumatunsa da kunnensa a jiki, ya rufe ido, kamar yadda na gan shi yana yi wa tif sau dubu. Ya jawo jiki ya bi bawul ɗaya bayan ɗaya, yana tofa musu yawu.

"Babu kumfa," ya ce. "Ko ɗaya. To ina iskar ta tafi?"

Kawu ya zura hannunsa ta gefe ya tsoma a kogi. Ya yafito ɗansa. Da ya matso, sai ya ɗora masa jiƙaƙƙen tafin a wuya. Na-Tudu ya zabura. Kawu ya yi ta kokawa da bakinsa, har kalmar ta fito.

"Sanyi."

Na ga abin ya faɗa wa Na-Tudu a ka kamar an kunna fitila. A kan yashi mai zafi ya hura, ya kuma hura da rowa. Ruwan tsakiya mai sanyi ya sa iskar ta tsuke, yadda taya ke kwana da laushi in an yi sanyi. Ba inda ta tafi. Ya jawo famfon ƙafa daga ƙarƙashin matashi, ya durƙusa yana dannawa da hannu biyu, ɓari bayan ɓari, yana gwadawa da yatsa. Da ya kai inda yatsa ke ɗan shiga, na ga hannunsa yana ƙaiƙayin ƙari. Ya cire tiyo ya rufe bawul.

Sai inji ya ce bai san zancen ba. Ya ja, ya ja, ya ja har sau ashirin, yana yi masa magiya yana haɗawa da zagi. Ruwa kuwa yana ta tafiya da mu, tankin ƙauye ya koma bayan kafaɗarmu. Ina kallon hannunsa yana sama yana ƙasa, sai na ga jar igiya tana lilo da maƙalinta a wuyan hannun. Miƙewar da ya yi ce ta fizge shi.

"Injiniya," na ce, "wannan abin wuyan na ado ne, ko na injin mutane ne?"

Ya maƙala, ja ɗaya inji ya tashi. Ko godiya.

Yanzu mun gangara ƙasa da mashigin ƙauye sosai, sai mun hauro, kuma wannan gefen cike yake da tudun yashi a ɓoye ƙarƙashin ruwa. Ni da shi duk ruwa ɗaya muke gani. Kawu ya sa na ƙara masa matashi har ya ga gaba ta gefen ido, ya miƙa ƙafarsa mai lafiya ya ɗora a kan gwiwar ɗansa. In ya danna da diddige, a yi dama. In ya taɓa da yatsu, a yi hagu. In ya buga sau biyu, a rage wuta. Ba wanda ya tsara wannan, haka kawai suka fahimci juna. Muka yi ta lanƙwasa a fili kamar masu kauce wa abin da babu, sai in mun wuce in ga yashi ya yi fari a ƙarƙashi dab da mu. Kawu yana kallon fatar ruwa, ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗage sama. Shekara uku ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Hancin jirgi ya taɓa gaɓa. Na-Tudu ya sauka, ya zauna daɓas a cikin ruwa iya ƙugu bai ma lura ba. Mutanen ƙauye suka taya mu, muka ɗauki Kawu da katifarsa, mutum huɗu, muka bi ta lungu har gida.

Inna tana kan gado an jingine ta da bango, ƙanwata ta ɗaura mata sabon kallabi. Muka ajiye katifar a ƙasa dab da gadon. Ta sunkuyo ta daɗe tana kallonsa. Shi ma yana kallonta.

"Auta," ta ce, da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, "ka tsufa! Wa ya ce ka riga ni?"

"Yaya," in ji Kawu.

"Me ya ce?"

"Ya ce Yaya!" muka haɗa baki.

"To da wa zai ce? Ku matsa ku ba shi iska." Ta miƙo hannu, ya kama da nasa mai lafiya. Ta ɗago ta ga Na-Tudu a bakin ƙofa, wando na ɗigar ruwa. "Wannan kuma wa ya jiƙa shi?"

"Shi ya tuƙo mu, Inna."

"Wa?"

"Shi!"

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Zo nan, ɗan nan." Ya durƙusa a gaban gadon, ta dafa kansa da ɗaya hannun, ta yi ta sa masa albarka har ta haɗa da tayoyinsa. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Na fita tsakar gida na sha ruwa.

Da la'asar ta gabato muka shiga mu ce lokaci ya yi, don a ƙetare da sauran rana. Muka kama kusurwar katifa. Kawu ya saki hannun Inna ya damƙi ƙafar gadon. Hannun da ya yi shekara arba'in yana riƙe filafili ne, mu biyu muka kasa ɓamɓare yatsa ɗaya.

"Baba, magungunanka suna gida," in ji Na-Tudu.

"Ku kawo su gobe," in ji Inna, wadda ta ji wannan sarai. "Ba kuna da jirgi ba? Ku sakar mini ƙane."

Muka saki katifa. Na-Tudu ya gyara wa ubansa matashi, ya ce wa ƙanwata yadda ake juya shi da irin abin da yake iya haɗiya, ya maimaita mata sau uku har ta kore shi. Da muka kai ƙofa na waiga. Inna ta riga ta shiga ba shi labarin wata rigima da aka yi kan iyakar gona tun suna yara, tana kiran sunayen mutanen da duk sun mutu, tana tsayawa tana tambayarsa ko ya tuna. Shi kuwa barci ya fara ɗaukarsa, hannunsa na riƙe da ƙafar gadon, ita kuma ta ci gaba da labarinta.